Samfurin ya kawo ruwan sama amma bai kawo ƙanƙara ba: ina matsalar take?

Tambaya: Wani ɗalibi da ke digiri na biyu a fannin nazarin yanayi ya rubuto cewa ya yi amfani da manhajar WRF, wani samfurin kwamfuta na lissafin yanayi, domin ya kwaikwayi wani hadari da ya zubar da manyan ƙanƙara. Ya sa tazarar raga, wato faɗin kowane ido da samfurin ke raba sararin sama a kai, a kilomita 9, ya zaɓi tsarin WSM6 don lissafin ƙwayoyin gajimare, yawan ruwan saman ya fito kusa da abin da aka auna, amma babu alamar ƙanƙara a ƙasa. Yana so ya san wane tsari ne ya fi dacewa ya koma kansa.

Amsa: Malam, sauya tsarin lissafin ƙwayoyin gajimare ba zai fitar maka da ƙanƙarar da kake nema ba muddin ragarka tana kan kilomita 9. Tsarin yana da muhimmanci, kuma zan zo kansa, amma akwai abubuwa biyu da suka riga shi, wato faɗin idon raga da ingancin bayanan da aka fara lissafi da su. Ya kamata kuma ka riƙe tun yanzu cewa babu ɗaya daga cikin tsare-tsaren da aka saba amfani da su a WRF da ke bin ƙwayar ƙanƙara guda tun daga samuwarta har faɗowarta. Abin da suke lissafawa shi ne jimillar nauyin ƙanƙarar da ke cikin kowane idon raga, girman ƙwayar da ta fasa gilashin mota kuwa sai an ƙiyasta shi daga baya.

Ba za a gane dalilin haka ba sai an duba yadda ƙanƙara ke girma. Ruwan da ke cikin gajimare ba ya daskarewa da zarar sanyi ya kai digiri sifili. Ƙananan ɗigo suna iya zama ruwa har sanyi ya kai wajen digiri 38 ƙasa da sifili, sai fa idan sun sami ƙwayar ƙura ko wani abu makamancinta da zai fara musu daskarewar. Da wannan ruwan da ya ƙi daskarewa ƙanƙara ke girma. Ana farawa ne da ƙwaya ta milimita kaɗan, ko dai daskararren ɗigon ruwan sama ko ɗan dunƙulen ƙanƙara mai laushi, sai ta shiga iskar da ke tasowa sama a cikin hadari, tana karo da ɗigon ruwan suna daskarewa a jikinta. Mafi yawan girman yana faruwa ne tsakanin digiri 10 da digiri 30 ƙasa da sifili, domin a sama da nan mafi yawan ruwan ya riga ya daskare, a ƙasa da nan kuma daskarewa tana jinkiri.

Duk ɗigon da ya daskare yana sakin zafi a jikin ƙwayar. Idan ƙwayar tana iya fitar da zafin nan da sauri, ɗigon yana daskarewa nan take ya kulle kumfar iska a ciki, sai a sami sashe fari wanda haske ba ya ratsa shi. Idan kuwa ruwan ya yi yawa har zafin ya taru, fatar ƙwayar tana tsayawa a digiri sifili a jiƙe, wani ruwan ya daskare a hankali ya zama garau, wani kuma ya zube ya koma ɗigon ruwan sama. Wanda ya taɓa raba babbar ƙanƙara biyu ya ɗaga ta ga haske zai ga zobe fari da zobe garau suna bin juna, kowanne yana nuna irin wurin da ƙwayar ta ratsa. An daɗe ana koyar da cewa zoben yana nufin hawa da sauka sau da yawa, amma lissafin hanyoyin ƙwayoyi a cikin hadari mai juyawa ya nuna cewa yawancin manyan suna samun girmansu ne a ratsawa guda, suna ƙetare iskar mai tasowa daga gefe zuwa gefe kusan a tsayi ɗaya.

A nan ne lamarin yake da wuya. Ƙwaya mai faɗin santimita 5 tana faɗowa da gudun da ya kusa mita 30 a sakan, saboda haka sai iskar da ke tasowa ta yi ƙarfin da zai riƙe ta. To amma iskar da ta yi wannan ƙarfi, idan ƙaramar ƙwaya ta faɗa tsakiyarta, za ta cilla ta can ƙololuwar hadarin kafin ta sami lokacin girma. Babbar ƙanƙara tana samuwa ne idan ƙwayar ta shigo ta gefe inda iskar ke da sauƙi, tana ƙara nauyi tana matsawa ciki, gudun faɗowarta yana ƙaruwa daidai da ƙarfin iskar da take tararwa. Browning da Foote sun zana wannan hanya daga hadarin garin Fleming na jihar Kolorado a watan Yunin 1972, sannan a 2017 Dennis da Kumjian suka nuna da kwamfuta cewa idan saɓanin iska tsakanin ƙasa da sama ya ƙaru, iskar mai tasowa tana ƙara faɗi, kuma faɗin nan yana ƙara wa ƙwayoyi lokacin zama a yankin girma. Ke nan faɗin iskar da siffarta suna da nauyi kamar ƙarfinta.

Yanzu ka auna wannan da ragarka. Samfuri yana raba sararin sama zuwa idanu, kuma kamar ragar masunci, abin da ya fi idon ƙanƙanta ba ya kamuwa. Ƙari a kan haka, abu ba ya fitowa da siffarsa sosai a WRF sai ya kai faɗin idanu kusan bakwai, wanda a kilomita 9 ya zama kimanin kilomita 60, alhali iskar da ke tasowa a cikin hadari mai juyawa ba ta cika wuce kilomita 10 ba. A irin wannan raga, tsarin da ke ƙiyasta hadarin da bai kamu ba shi ne yake yin aikin: yana duba zafi da danshi, ya yanke cewa a nan za a yi hadari, ya zubar da ruwan kai tsaye, ya daidaita zafin iskar, ba tare da ya gina wata iska mai tasowa a cikin ragar ba. Shi ya sa ruwanka ya fito daidai. Idan ka buɗe sakamakon ka duba gudun iskar da ke tasowa, ina tsammanin za ka tarar da mita ɗaya ko biyu a sakan, kuma babu tsarin da zai iya girmar da ƙanƙara a cikin wannan.

Hadarin da ya faɗa wa Reutlingen da kewayenta a kudancin Jamus ranar 28 ga Yulin 2013 yana nuna girman abin da ake nema. Ƙanƙarar ta kai santimita 10, kuma ɓarnar tana cikin mafi tsada da kamfanonin inshorar ƙasar suka taɓa biya, amma zirin da ta sauka a kai tsawonsa kimanin kilomita 55 ne, faɗinsa kimanin 18. A ragarka faɗin nan ido biyu ne kacal. Saboda irin wannan ne hukumomin da ke hasashen hadari suka sauko ƙasa da kilomita 4, inda ake kashe tsarin ƙiyasin a bar samfurin ya gina hadarin da kansa: HRRR na Amurka yana kan kilomita 3, ICON-D2 na Jamus kimanin 2, AROME na Faransa 1.3. Shawarata ita ce ka bar kilomita 9 a matsayin ragar waje, ka sa ta kilomita 3 a cikinta, idan kwamfutarka za ta ɗauka ka ƙara ta kilomita 1, ka kashe tsarin ƙiyasin hadari a na cikin. Ka lura da tsada, domin duk lokacin da ka rage tazara zuwa rabi a kan yanki ɗaya, aikin kwamfuta yana ninkawa kusan sau takwas, tun da matakin lokaci, wato tazarar da ke tsakanin lissafi da lissafi, shi ma dole ya ragu. Ƙa'idar da aka saba bi a WRF ita ce sakan shida ga kowace kilomita ta tazara. Kada kuma ka matse ragar ciki har hadarin ya samu a bakin iyakarta, ka ba shi filin da zai taso ya yi tafiya.

Sai batun tsarin da ka tambaya. WSM6 yana raba ruwa gida shida: tururi, ɗigon gajimare, ruwan sama, ƙananan ƙwayoyin ƙanƙara, dusar ƙanƙara, da ƙanƙara mai laushi. Babu gidan ƙanƙara mai tauri a cikinsa. Bambancin ba ƙarami ba ne, domin mai laushi nauyinta kilogiram 400 zuwa 500 ne a kowace kyubik mita, mai tauri kuwa tana kusa da 900, don haka ta fi saurin faɗowa kuma ta fi tsira daga narkewa. Sannan tsari ne mai ma'auni ɗaya, wato nauyi kawai yake lissafawa, yadda girman ƙwayoyin ya rarrabu kuwa an ɗaure shi da wata lamba da aka sa tun farko. Ga abin da wannan ke jawowa: giram ɗaya na ƙanƙara a cikin kyubik mita guda ta iska yana iya zama dubban ƙananan ƙwayoyi da za su narke kafin su iso ƙasa, yana kuma iya zama ƙwaya ɗaya tak mai faɗin fiye da santimita guda, kuma tsari mai ma'auni ɗaya ba shi da hanyar bambance su. Gilmore da abokan aikinsa sun gwada wannan a 2004, suka sauya lambar nan da nauyin ƙanƙarar kawai a cikin iyakar abin da aka taɓa aunawa, sai abin da ya sauka ƙasa ya bambanta har ninki uku zuwa huɗu a hadari ɗaya.

Tsare-tsare masu ma'auni biyu suna ƙara lissafin yawan ƙwayoyi a kan nauyi, don haka matsakaicin girma yana iya sauyawa daga wuri zuwa wuri. Na Morrison gida ɗaya yake da shi, amma akwai zaɓin mai da shi mai laushi ko mai tauri, kuma dole ka duba wanne ne a kunne a sigar da kake amfani da ita. Na Milbrandt da Yau na 2005 da na NSSL, cibiyar binciken hadari ta Amurka, suna da gidaje biyu daban, kuma na NSSL yana barin nauyin ƙwayar ya sauya gwargwadon yadda ta girma. Tsarin P3 na 2015 ya bar rabe-raben gaba ɗaya, yana bin siffofin ƙanƙarar suna sauyawa a hankali, abin da ya kawar da tsallen da ake yi daga gida zuwa gida. Su ma masu ma'auni biyu suna da nasu aibin, domin idan aka ɗaure faɗin rarrabuwar girma suna wuce gona da iri wajen tace manyan ƙwayoyi su riga sauran sauka, har a ga girman da bai dace ba a gefen hadari. Akwai kuma tsarin da ke raba ƙwayoyi rukuni-rukuni bisa nauyi, kamar na Jami'ar Hibru da ke Kudus mai rukuni 33, wanda ya fi kusa da gaskiyar lamarin amma tsadarsa ta sa ban cika ba ɗalibi shawarar fara aiki da shi ba. Idan dole in zaɓa maka ɗaya don ƙanƙara, zan ce na NSSL, sai dai na fi son ka gudanar da uku ka nuna tazarar da ke tsakaninsu, domin tazarar ita ma sakamako ce da ya cancanci shiga kundinka.

Ko da tsarin da ya fi kowanne, babbar ƙwayar tana can ƙarshen wutsiyar rarrabuwa, inda ƙwaya ɗaya ke cikin ɗaruruwan kyubik mita na iska kuma nauyinta bai taka kara ya karya ba a jimilla. Don cike wannan giɓi aka haɗa HAILCAST da WRF. Asalinsa aikin Poolman ne a Afirka ta Kudu a 1992, Brimelow da abokansa suka gyara shi don lardin Alberta na Kanada a 2002, sannan Adams-Selin da Ziegler suka saka shi cikin WRF a 2016. Duk inda iska mai tasowa ta kai mita 10 a sakan ta kuma ɗore minti 15, yana sakin ƙwayoyin farko guda biyar masu girma daban-daban, ya bi su suna girma suna narkewa har ƙasa, ya ba ka girmansu a milimita. Ka kunna shi, amma ka san iyakarsa: a tsaye yake lissafi cikin ginshiƙi guda, alhali mun ga cewa tafiyar ƙwayar a kwance take, kuma abin da ya lissafa ba ya komawa ya shafi hadarin. Idan samfurin ya gina iskar da ta fi ta gaskiya faɗi, wanda ke yawan faruwa a kilomita 3, HAILCAST zai gaji kuskuren.

Na ce akwai abu na biyu da ya riga tsarin, wato bayanan farawa. Idan da ERA5 ka fara, wato tarin bayanan yanayin duniya na cibiyar hasashen Turai, tazararsa kusan kilomita 31 ce, kuma ƙananan layukan da iska ke haɗuwa a kansu, waɗanda su ne ke tayar da hadari, sau da yawa ba sa cikinsa yadda suke. Kuskuren digiri ɗaya a zafin iskar da ke kusa da ƙasa, ko ɗan ƙarancin danshi, yana iya hana hadarin tasowa ɗungurungum ko ya kai shi wani gari. A ranar Reutlingen hadari biyu masu juyawa ne suka taso kusan lokaci guda a yanki ɗaya, amma na kudun ne kaɗai ya zubar da ƙanƙarar santimita 10. Idan yanayi ɗaya zai haifi hadari biyu masu sakamako daban haka, gudanar da samfuri sau ɗaya ba hujja ba ne ko ya dace ko ya kuskure. Ka gwada lokutan farawa daban-daban, ka gwada ERA5 da takwaransa GFS na Amurka, ka sauya tsarin iskar kusa da ƙasa, ka ba samfurin aƙalla sa'o'i shida ya daidaita kafin lokacin hadarin, sannan kafin komai ka kwatanta zafi da danshi da iskar samfurin da abin da balan-balan ɗin auna yanayi mafi kusa ya nuna a ranar.

Ba ka faɗi inda hadarinka ya auku ba, kuma wannan yana da tasiri ta fuskar narkewa. A ƙasashe masu zafi tsayin da sanyi ke kai digiri sifili yana wajen kilomita 4.5 zuwa 5 daga matakin teku, don haka ƙwayar tana da doguwar tafiya cikin iska mai ɗumi, ƙananan kuma ba sa isowa. Wannan na cikin dalilan da suka sa aka fi sanin ruwan ƙanƙara a tuddai irin Jos, mai tsayin kusan mita 1,200, da gonakin shayin Kericho a Kenya, fiye da kwaruruka. Busasshiyar iska a ƙarƙashin gajimare tana rage narkewa, saboda ruwan da ke ƙafewa daga fatar ƙwayar yana sanyaya ta. Yawancin tsare-tsaren nan kuwa da hadarin filayen Amurka da Turai aka daidaita su, kuma narkewa na cikin sassan da aka fi sauƙaƙa lissafinsu. Idan hadarinka na yankin zafi ne, ka duba yawan ƙanƙarar a kowane tsayi daga matakin daskarewa zuwa ƙasa, don ka gane ko ba ta samu ba ne ko kuwa samuwa ta yi ta narke a hanya, domin maganin biyun daban ne. Ragar ma tana shafar wannan, tun da a kilomita 9 ana shafe tsaunuka su koma ƙasa da tsayinsu na gaskiya.

Da me za ka gwada sakamakon? Rahoton mutane yana bin inda mutane suke, kuma suna son cika lamba ko kwatanta girma da abin da suka sani. Farantin soso mai tauri da ake lulluɓewa da takardar alminiyam yana ba da girma na gaskiya daga ramukan da ƙwayoyi suka bari, amma faɗinsa kaɗan ne, babbar ƙwayar ba safai take faɗa masa ba. Na'urar rada tana rufe yanki duka, sai dai ƙiyasi take yi daga ƙarfin amsawar gajimare a sama da matakin daskarewa, kamar a hanyar Waldvogel ta 1979 da ta MESH ta 1998, ba auna abin da ya taɓa ƙasa take yi ba. Hukumar yanayin Suwizalan ta fara karɓar rahoton ƙanƙara ta manhajar waya tun 2015 tana haɗa shi da rada, wanda ya sa ƙasar ta zama wuri mai kyau na gwada samfuri. Duk abin da ka samu, kada ka kwatanta ido da ido, domin hadarin da ya fito daidai amma ya kauce da kilomita 20 za a ci shi tara sau biyu, a ce ya kuskure inda aka yi kuma ya ƙirƙira inda ba a yi ba. Ka yi amfani da gwajin maƙwabtaka, kamar yadda masu hasashe a Amurka ke tambayar ko an sami ƙanƙara mai santimita 2.5 ko fiye a cikin kilomita 40 daga wuri.

Ka kuma duba sau nawa kake ajiye sakamako. Zubar ƙanƙara a wuri guda ba ta cika wuce mintuna kaɗan ba, kuma hadarin da ke tafiyar kilomita 50 a sa'a zai tsallake idanun raga da dama tsakanin ajiya da ajiya idan sa'a-sa'a kake yi, har ka ga kamar babu komai alhali ta sauka a tsakani. A ragar ciki ka ajiye kowane minti biyar, ko ka kunna zaɓin da ke riƙe mafi girman abin da aka samu tun daga ajiyar baya, musamman na gudun iska mai tasowa, da juyawarta, da girman ƙanƙara. Idan ka sake gudanar da shi a kilomita 3, ka turo mini mafi girman gudun iskar mai tasowa da hoton yankan hadarin a tsaye mai nuna ruwan da bai daskare ba tsakanin digiri 10 da 30 ƙasa da sifili, daga nan za mu ga ko sauya tsarin ne mataki na gaba.